Komawa digiri na biyu a fannin zanen birane bayan an daɗe ana aiki: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa na waɗanda suka kwana biyu da barin aji ne: akitek ɗin da ya shekara takwas ko goma yana zana gidaje da shaguna, ma'aikacin hukumar tsara birane da ya gaji da buga hatimi a takardar izinin gini, injiniyan hanya, safiyo, da malamin kwalejin fasaha mai neman ƙarin digiri. Halin da suke ciki ya sha bamban da na wanda ya gama bautar ƙasa bara. Suna da abin nunawa, amma akwai iyali, akwai albashin da ba a son rasawa, ga shi malaman da suka san su da yawa sun yi ritaya. Ƙa'idojin jami'o'i da na biza kan sauya kusan kowace shekara, don haka a riƙa gwada abin da aka karanta a nan da abin da makarantar ta wallafa a shekarar da za a nema.

Me ya raba zanen birane da tsara birane da kuma zanen gine-gine?

Mai zanen gini yana tsayawa ne a iyakar fulotin da aka ba shi. Mai tsara birane yana kallon gari daga sama: nan unguwar zama, can masana'antu, ga babbar hanya, ga yawan mutanen da ake sa ran za su zauna nan da shekara ashirin. Mai zanen birane yana aiki a tsakaninsu, wato a filin da ke tsakanin gini da gini, inda jama'a ke tafiya da zama da ciniki.

Ɗauki titi guda a cikin Kano. Faɗin gefen da mai ƙafa zai bi nawa ne? A ina ɗan adaidaita sahu zai tsaya ya sauke fasinja ba tare da ya tare na bayansa ba? Mai shayi da mai tsire da ke fitowa bayan magariba, an bar musu wuri ko kuwa sai sun hau kan kwalbati? Inuwa daga ina za ta zo da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu? Ranar Juma'a idan sahu ya fito har kan kwalta, motoci ta ina za su zaga? Ruwan sama ina zai bi? Waɗannan su ne tambayoyin fannin.

Abuja ma misali ce. Kamfanin International Planning Associates ne ya fitar da babban tsarin birnin a 1979, sannan aka ba Kenzo Tange na Japan aikin zana tsakiyar gari: yadda manyan gine-ginen gwamnati za su jeru da filayen da ke tsakaninsu. Aiki na farko tsarawa ne, na biyu zane. A matsayin darasi mai zaman kansa a jami'a kuwa, fannin bai tsufa ba. Josep Lluís Sert ya kira taro a kansa a Jami'ar Harvard a 1956, aka buɗe kwas ɗin a can a 1960.

Na shekara goma ina aiki. Shekarun za su taimake ni ko za su ja ni baya?

Za su taimaka, amma ba su kaɗai ba. Nan ne ƙwararru da yawa ke tuntuɓe. Mutum ya aika takardar tarihin aiki mai shafi shida, ya jera kwangila talatin da muƙamai biyar, yana ganin magana ta ƙare. Masu tantancewa malaman situdiyo ne, wato ajin da ake koyon zane a aikace, ba masu ɗaukar ma'aikata ba. Abin da suke son gani shi ne yadda kake tunani game da wuri, da ko akwai sauran abin da kake neman koya. Wanda takardunsa ke nuna ya gama sanin komai, tambayar da za su yi wa juna ita ce: to me ya zo yi?

Abin da kake da shi wanda sabon mai digiri ba shi da shi shi ne ka ga inda zane ke karyewa idan ya haɗu da ƙasa. Ka ga tsarin unguwa da aka amince da shi a takarda, bayan shekara uku filin makaranta da na wasan yara sun zama fulotai. Ka zauna da mai unguwa da 'yan kasuwa kan maganar tashi. Ka san yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, take aiki a zahiri, ba a littafi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an fito da ita. Dole a ga wannan sani a cikin kundin ayyukanka da takardar manufarka, a kan wuri takamaimai da matsala takamaimiya.

Jami'o'in Ingila da Amurka ba sa sa iyakar shekarun haihuwa wajen ɗaukar ɗalibin digiri na biyu. Inda shekaru ke ciwo shi ne wajen tallafin karatu, za mu zo kansa.

Ban karanta zanen gine-gine ba. Za a ɗauke ni?

Ya danganta da irin kwas ɗin. A Amurka manyan kwasa-kwasan zanen birane an gina su ne don waɗanda suka riga suka sami digirin ƙwarewa. Na Harvard shekara biyu ne, kuma yana neman digirin zanen gine-gine ko na tsara lambuna da filaye. Na Jami'ar Columbia a New York zango uku ne a jere, ana farawa da bazarar can, shi ma sharaɗinsa ke nan. Wanda ya karanta labarin ƙasa ko injiniyanci ba zai shiga ta wannan ƙofa ba, sai dai ta digirin tsara birane, inda zai iya karkata zuwa zane.

A Ingila ƙofar ta fi faɗi. Kwasa-kwasai da dama na karɓar mai digirin tsara birane, safiyo, injiniyan gine-gine, labarin ƙasa, har da kimiyyar zamantakewa, musamman idan aikin da ya yi ya shafi gari.

Akwai kuma doguwar hanya ga mai ƙarfin hali. Mariam Issoufou, 'yar Nijar, kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa, ta yi shekaru tana aiki a fannin, sannan ta koma ta yi digirin zanen gine-gine a Jami'ar Washington da ke Seattle. Ita ce daga baya ta yi aikin masallaci da ɗakin karatu da kasuwar Dandaji a jihar Tawa. Hanyar tana ɓullewa, sai dai tana cin shekaru.

Mai babbar difloma ta kwalejin fasaha, ko mai digiri mai daraja ta uku, kada ya yanke ƙauna. Wasu jami'o'in Ingila na duba su idan akwai diflomar gaba da digiri da kuma shekarun aiki masu kyau. A rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai a tambaya kafin a biya kuɗin fom.

Wace makaranta ta fi?

Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce: idan ka gama, wane aiki kake son a kira ka ka yi? Sunan kwas yana ruɗi. A makarantar Bartlett ta Kwalejin Jami'ar Landan kaɗai akwai aƙalla kwasa-kwasai uku da ke ɗauke da sunan zanen birane, kuma ba su yi kama da juna ba. Ɗaya na sashen zanen gine-gine ne, ya karkata ga gwaje-gwaje da kwamfuta da hasashen biranen gobe. Na biyu na sashen tsara birane ne, ya jingina da dokoki da tsarin Birtaniya. Na uku na sashen tsare-tsaren raya ƙasa ne, shi ne mai kallon unguwannin da suka tashi ba da tsari ba, da rikicin fili, da biranen Afirka da Asiya da Latin Amurka. Ma'aikacin hukumar tsara birane daga Gusau ko Maraɗi da ya faɗa na farko saboda suna kawai, zai sha mamaki a makon farko.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Kusan kowace makaranta tana wallafa ayyukan ɗalibanta na ƙarshen shekara a intanet. Duba na shekara biyu ko uku. Idan ba ka ga aikin da za ka so a ce naka ne ba, wuce gaba.

A Jamus akwai kwas na haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Stuttgart da Jami'ar Ain Shams ta Alƙahira, da Turanci ake koyarwa, kuma an gina shi kan birane masu zafi da cunkoso irin namu. Jami'ar Fasaha ta Berlin na da kwas ɗin gudanar da birane, Dortmund na da na tsara yankuna. A Holan akwai Delft ga masu ƙarfin zane, da cibiyar nazarin gidaje da birane ta Rotterdam ga masu son harkar gudanarwa. A Afirka ta Kudu, Jami'ar Cape Town da ta Witwatersrand suna koyar da zanen birane, kuma kuɗinsu bai kai na Turai ba. 'Yan Nijar da Chadi da Kamaru sun san makarantar zanen gine-gine da tsara birane ta ƙasashen Afirka da ke Lome, sannan mai nufin Faransa ta ofishin Campus France zai bi.

Dole sai na fita waje?

A'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna duk suna da sassan tsara birane da na zanen gine-gine, kuma mutum zai iya karatu bai ajiye aikinsa ba. Idan digirin don ƙarin girma a ofis ake nemansa, wannan ya wadatar, kuma ya fi sauƙi ga aljihu nesa ba kusa ba. Abin da waje ke ƙarawa shi ne situdiyo na cikakken lokaci, ɗakin karatu, da abokan aji daga Indiya da Kolambiya da Masar masu fama da matsaloli irin naka ta hanyoyin da ba ka taɓa gani ba. Abin da ke hana ruwa gudu a gida, kowa ya sani, shi ne yajin aiki da jan lokaci wajen duba kundin bincike.

Me zan sa a kundin ayyuka?

Wannan kundi, wanda a ofis ake kira fotfoliyo, shi ne ya fi kowace takarda nauyi a kwasa-kwasan da ke da situdiyo. Kowace makaranta na faɗin iyakar shafuka da girman fayil. A bi ƙa'idar daidai.

Ayyuka huɗu zuwa shida sun isa. Kuskuren da akitek ɗinmu suka fi yi shi ne cika kundin da hotunan kwamfuta na manyan gidaje: ginshiƙai, tayil mai sheƙi, mota a ƙofar gida, shuɗin sama. Wannan yana burge mai ba da kwangila. Malamin zanen birane kuwa zai tambaya: ina titin? Ina maƙwabta? Katangar nan mai tsawon mita uku me ta yi wa mai wucewa? Idan gida za ka nuna, ja da baya ka nuna shi a cikin layinsu.

Kowane aiki ya nuna tafiyar tunani: yadda wurin yake kafin ka zo, abin da ka lura da shi, zaɓi biyu ko uku da ka gwada, wanda ka tsayar da dalilinsa, da abin da ya faru bayan an gina. Zanen hannu na cikin littafin aljihu, ko da bai yi kyau ba, yakan fi hoto mai ƙyalli daraja, domin a nan ake ganin mutum yana tunani.

Wanda aikinsa na ofis duk rahoto ne da duba takardu, ya ware wata biyu ya yi aiki guda na ƙashin kansa. Zaɓi wuri ƙarami da ka sani, a ce mahaɗar hanya a bakin kasuwa. Je da ƙarfe bakwai na safe, da azahar, da bayan isha'i. Auna faɗin titi da tef. Ƙirga masu tsallakawa cikin minti goma sha biyar, ka sa ɗigo a taswira inda kowa ya tsallaka. Za ka ga ba ta inda aka shata musu suke bi ba. Zana inda inuwa ke faɗawa, inda mai rake ya kafa baro, inda ruwa ke kwanciya, inda mata ke tsayawa jiran abin hawa da inda suke gudu. Yi hira da mutum biyar. Sannan ka zana gyara mai araha, ka nuna tsagin titin kafin gyara da bayansa. Shafi huɗu irin wannan sun fi gidan sama goma yi maka aiki.

Kada kuma a raina abin gida. Zaure da ke tsakanin titi da cikin gida, lungun da faɗinsa ke ba da inuwa, dandalin da ke tsakanin fada da masallaci, ganuwa da ƙofofinta, kududdufan da ke shanye ruwan damina kafin a cike su a yi gini: duk darussan zanen birane ne, kuma kai ka san su daga ciki.

Yawancin ayyukana na ofis ne, mu da yawa muka yi. Ya halatta in nuna?

Ya halatta, da sharaɗi biyu. Na farko, a ƙarƙashin kowane aiki rubuta sunan ofishin, shekara, yawan waɗanda suka yi, da ainihin abin da hannunka ya taɓa. "Ni na yi binciken fili da zanen hanyoyin ƙafa, hotunan kwamfuta na abokin aikina ne" ya fi "na jagoranci aikin" kima, domin idan aka kira ka hira za a tone ka da tambaya. Na biyu, nemi izinin mai ofis, a rubuce in da hali. Ma'aikacin gwamnati ya yi hattara da taswirar da ba a fitar ga jama'a ba da takardun da ke ɗauke da sunayen masu fili. A sake zanawa da hannu, a cire sunaye.

Takardar bayanin manufa fa?

Kada ka fara da cewa tun kana yaro kake son gine-gine. Kada kuma ka ɓata sakin layi kana gaya wa jami'a cewa ta shahara, ta sani. Fara da matsalar da ka ci karo da ita a wurin aiki wadda iliminka na yanzu ya kasa warwarewa.

Matsalolin ba sa wuyar samu. Kano ta hana acaɓa a 2013, adaidaita sahu ta cike gurbin, amma titunan ba a sake zana su don ita ba. An yi gadojin sama da na ƙasa don mota, mai ƙafa da mai kura sai dai su san dabara. Ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, Maiduguri ta nutse. Kaduna na da tsarin da Max Lock ya fitar a 1967, Kano na da na Trevallion na shekarun 1963 zuwa 1983, kuma duk wanda ya yi aiki a hukumomin nan ya san ratar da ke tsakanin takarda da gari. Ɗauki guda ɗaya wadda ka taɓa da hannunka, ka faɗi abin da ka gani, abin da ka gwada, da inda ka tsaya.

Daga nan ka haɗa ta da kwas ɗin: wane darasi, wane situdiyo, wane malami ne aikinsa ya dace da tambayarka. Ka rufe da abin da za ka yi bayan kammalawa, a faɗe shi ƙarara. Takarda ɗaya da aka sauya sunan jami'a aka aika wa makarantu biyar ana gane ta. Wadda aka ba manhaja ta rubuta ma ana ganewa, domin ba ta da sunan titi ko guda.

Malamaina sun yi ritaya, wasu sun rasu. Wa zai rubuta mini shaida?

Yawanci ana neman mutum biyu ko uku. Ga wanda ya daɗe da barin makaranta, jami'o'i da yawa na karɓar shaidar shugabanni na wurin aiki, amma sun fi son a samu ko da malami ɗaya. Wanda ya duba kundin digirinka na farko shi ya fi dacewa, ko da ya yi ritaya. Ka je ka gaishe shi tukuna, ka kai masa kundinka da takardar manufarka ya gani, sannan ka nemi alfarmar. Kada ya fara jin labarinka daga saƙon da jami'a ta tura masa.

Muƙami ba ya rubuta shaida. Kwamishinan da bai taɓa ganin zanenka ba zai rubuta layi uku na yabo maras gishiri. Shugaban sashen da ya gan ka kana gardama da ɗan kwangila a kan magudanar ruwa shi ne zai faɗi abin da za a yarda da shi. A tabbatar mai shaidar yana buɗe imel ɗinsa, kuma wasu makarantun sun fi amincewa da adireshin hukuma.

Takardar sakamako da jarrabawar Turanci?

Fara da takardar sakamako ta dalla-dalla, wadda ake ce wa tiranskirif, kafin komai. Tana iya ɗaukar watanni, balle ga wanda ya gama kafin a mayar da bayanai kwamfuta. Zuwa da kai ya fi saƙo. Wasu jami'o'in Amurka da Kanada kan nemi a bi da ita ta wata hukumar tantancewa irin WES, wannan ma ƙarin lokaci ne da kuɗi.

Jami'o'in Ingila da dama na karɓar sakamakon Turanci na WAEC daga C6 zuwa sama, amma wasu na sa iyakar shekarun da sakamakon zai yi, abin da ke kama ƙwararru. Idan IELTS za a yi, galibi 6.5 ko 7.0 ake nema, kuma shekara biyu sakamakon ke yi ya mutu, don haka kada a yi gaggawar rubutawa. Jarrabawar GRE ta neman shiga digiri na biyu kuwa, makarantun zane da yawa a Amurka sun daina tilasta ta.

Kuɗin fa? Ina ake samun tallafi?

A yi wannan lissafi tun kafin a zaɓi makaranta. Kuɗin makaranta na shekara guda ga baƙo a Ingila da wuya ya gaza fam 15,000, a manyan makarantun Landan yana haura fam 30,000, ban da haya da abinci da kuɗin lafiya da ake biya tare da biza. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ɗaliban Najeriya da suka tafi da niyyar biya kashi-kashi sun ga ajiyarsu ta narke, har aka dakatar da wasu daga karatu. Wanda zai sayar da fili ya tafi da rabin kuɗi, yana sa ran aikin sa'a ashirin a mako zai cike sauran, ya sake tunani. Situdiyo ba ya barin lokacin da ake zato.

Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya kamar don ƙwararru aka yi shi. Yana neman aikin shekara biyu, wato sa'a 2,800, ba shi da iyakar shekarun haihuwa, yana biyan kuɗin makaranta da na zama da na jirgi, kwas na shekara ɗaya yake ɗauka, kuma dole a koma gida na shekara biyu bayan an gama. Tambayoyinsa kan jagoranci da hulɗa da jama'a da shirin gaba suke, inda mai shekarun aiki ke da abin faɗa. Tallafin Commonwealth a Najeriya ta Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya ake bi, akwai kuma nau'in da ake nema ta jami'ar kai tsaye.

Hukumar DAAD ta Jamus na da tallafi na kwasa-kwasan raya ƙasa, shi ma yana neman aikin shekara biyu. Amma ga tarkon: a ƙa'ida ba a son digirin da ya wuce shekara shida da kammalawa. Mai shekara huɗu ko biyar a aiki da ke cewa bari sai baɗi, ya san ƙofar nan tana rufewa. Mai zuwa Jamus da kuɗinsa kuwa, yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai dai jihar da Stuttgart take tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga baƙi, wasu kwasa-kwasan ƙwararru na da farashinsu, kuma daga Satumbar 2024 ana neman a ajiye yuro 11,904 na shekara a asusun da aka kulle kafin a ba da biza.

Wanda ba digiri ne damuwarsa ba, akwai shirin Hubert Humphrey na Amurka, wata goma, ga masu aikin shekara biyar zuwa sama, kuma tsara birane na cikin fannoninsa. Sai dai a 2025 Amurka ta sa takunkumin biza kan ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Chadi da Sudan, kuma jerin yana sauyawa. A duba matsayin ƙasa kafin a kashe ko sisi kan makarantun can.

Ina da miji da yara uku. Zan iya tafiya da su?

Idan Ingila ce, tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na koyarwa ba ya iya ɗaukar iyali, sai wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ko mai digirin bincike. Ko inda doka ta yarda, kuɗin tallafi na mutum ɗaya ne. Mata da yawa kan zaɓi kwas na wata goma sha biyu saboda wannan, a bar yara wurin kaka ko uba, a daure. Wasu kan zaɓi kwas na nesa ko na ɗan lokaci, wanda wasu jami'o'in Birtaniya ke bayarwa. Ki sani dai tallafi irin Chevening ba ya biyan na nesa, kuma situdiyo ta kwamfuta bai kai na ido da ido ba. Maganar a yi ta da maigida da iyaye tun ana cike fom, ba ranar da takardar ɗauka ta iso ba.

In ajiye aiki ko in nemi hutun karo ilimi?

Ma'aikacin gwamnati ya nemi hutu, da albashi ko babu. Mai albashi yana zuwa da yarjejeniyar dawowa a yi wa hukuma aiki na wasu shekaru, a karanta ta da kyau kafin a sa hannu. Fayil yana daɗewa a kan tebur, saboda haka a shigar da buƙata da zarar an sami takardar ɗauka, ko da mai sharaɗi ce. Tafiya ba izini na iya jawo kora. Mai ofishin kansa kuwa ya nemi wanda zai riƙe ayyukan da ke hannu, a rubuta yarjejeniya, ya kuma sanar da masu ba shi aiki da bakinsa.

Zan iya zama aji da yaran da na girma da shekara goma sha biyar?

Za ka iya, amma akwai ɗaci a farko. Wanda ya saba a ce masa "ranka ya daɗe" a ofis zai manna zanensa a bango, malamin da bai kai shi shekaru ba ya wargaza shi a gaban kowa. Haka tsarin yake, ba raini ba ne. Yaran za su fi ka sauri a kwamfuta, kai kuma za ka fi su sanin abin da zai ginu da abin da ba zai ginu ba, kuma tunda yawancin aikin rukuni-rukuni ake yi, kowa na bukatar ɗan'uwansa. Kafin tafiya a koyi manhajojin aikin: QGIS ta taswira, kyauta ce, da Illustrator da InDesign, da SketchUp ko Rhino. AutoCAD kaɗai ba za ta kai ka ba. A kuma sake saba wa kai dogon karatu da rubutun bincike, domin nan ne masu shekarun aiki suka fi shan wuya, ba a zane ba.

Idan na dawo, digirin zai ba ni rajistar ƙwararru?

Shi kaɗai ba zai bayar ba. A Najeriya majalisar ARCON ke yi wa masu zanen gine-gine rajista, majalisar TOPREC ke yi wa masu tsara birane, kowace da digirin da ta amince da shi da jarrabawarta. Babu wata majalisa ta daban ta masu zanen birane, kuma da wuya ka ga muƙami mai wannan suna a ma'aikatar jiha. Aikin yana zuwa ne ta wasu ƙofofi: kamfanonin ba da shawara, masu gina rukunin gidaje, ayyukan da Bankin Duniya ko hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke tallafawa, sake gina garuruwan da rikici ko ambaliya ta ɗaiɗaita, da koyarwa. Wanda bai kammala rajistarsa ba, gara ya kammala kafin ya tafi.

Yaushe ya kamata in fara shiri?

Wata goma sha biyar zuwa sha takwas kafin ranar shiga aji. Ga mai nufin Satumba, a nemi tiranskirif da fasfo tun watan Afrilu ko Mayu na shekarar da ta gabata, a yi kundin ayyuka da damina, domin lokacin ne ma ake ganin inda ruwa ke kwanciya a gari. Chevening kan buɗe a Agusta ya rufe tsakanin Oktoba da farkon Nuwamba. Kwasa-kwasan da DAAD ke tallafawa kowane da ranarsa, da yawa tsakanin Agusta da Oktoba. Makarantun Amurka na rufewa a Disamba ko Janairu. Na Ingila da yawa na karɓa har kujeru su cika, amma mai neman tallafin jami'a ya shigar da wuri. Bayan an sami gurbi akwai gwajin tarin fuka a asibitin da ofishin jakadancin Birtaniya ya amince da shi, kuma kuɗin da za a nuna wa masu biza dole su kwana 28 a jere a cikin asusu ba su ragu ba.